Salon Faɗan Amurka a Idon Malaman Asiya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da aka girke a Okinawa da Japan, daga baya kuma Koriya, sun koma gida da kareti da judo a jikinsu. Robert Trias, tsohon sojan ruwa, ya buɗe makarantar kareti a Phoenix a 1946. A 1947 wasu samari biyar a unguwar Palama ta Honolulu, cikinsu har da Adriano Emperado, suka haɗa kareti da judo da kenpo da dambe suka kira abin Kajukenbo. Ed Parker, ɗalibin William Chow, ya buɗe makarantarsa a Pasadena a 1956, ya sake tsara abin da ya koya har ya zama Kenpo na Amurka. Chuck Norris ya koyi Tang Soo Do a Koriya yana sojan sama, shi ma daga baya ya kafa nasa salon. Malaman gargajiya na Asiya sun karɓi Ba'amurke a matsayin ɗalibi, sun kuma girmama shi a filin karawa, amma har yau da wuya su yarda da shi a matsayin wanda ya kafa gida. Ra'ayina shi ne suna da gaskiya wajen tambayar wanda ya ɗaura wa mutum ɗamara, ba su da ita wajen hana shi ƙirƙira.

Tushen ƙin nasu silsila ce. A tsofaffin makarantun Japan, irin su Katori Shinto-ryu da ta faro tun ƙarni na 15, mutum ba ya koyarwa sai shugaban gidan ya ba shi takardar izini, kuma kowane malami yana iya lissafa malamansa ɗaya bayan ɗaya. Mai karatun Hausa ya san wannan tsari, domin haka ijaza take a karatun zaure: ana tambayar wa ya karantar da kai kafin a saurari karatunka. Launin fata bai rufe wannan ƙofa ba. Donn Draeger, tsohon hafsan sojan Amurka, ya zauna a Japan shekaru masu yawa, aka karɓe shi a Katori Shinto-ryu, malamai suka amince da shi saboda ya bi hanya. Abin da ke ɓata wa dattawan rai shi ne mutumin da ya yi shekara biyu yana zuwa atisaye bayan tashi daga barikin soja, ya koma gida ya buɗe makaranta, ya yi wa kansa daraja ta goma, wadda a Japan sai tsoho mai furfura yake kaiwa gare ta, shi ma ba kowa ba. Wannan ƙorafi yana da nauyi. A Amurka babu hukumar da za ta hana ka, kuma inda iyaye ke biyan kuɗin jarrabawa, baƙar ɗamara takan zo wa yaro da wuri fiye da ƙima. Wanda ya ƙi jinin wannan yana kare ɗalibin da zai ɗauka ya iya kare kansa alhali bai iya ba.

Sai dai idan aka wuce daga batun daraja zuwa cewa haɗa salo da salo cin amanar gado ne, tarihin Asiya kanta ya ƙaryata zancen. Jigoro Kano ya fara koyon jujutsu a 1877, ya kafa makarantar judo ta Kodokan a 1882 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ta hanyar haɗa Tenjin Shinyo-ryu da Kito-ryu da zubar da abin da bai gamshe shi ba. Darajojin nan da baƙar ɗamarar da ake tunƙaho da su, shi ya shigo da su cikin fasahar faɗa. Kareti na Okinawa ya sha daga lardin Fujian na ƙasar Sin, inda Higaonna Kanryo da Uechi Kanbun suka je neman ilimi. Da Funakoshi Gichin ya kai shi Tokyo a 1922, sai da ya ari riga da ɗamarar judo kafin Japanawa su daina kallonsa a matsayin faɗan mutanen tsibiri. Takwando na Koriya kuwa sai a 1955 aka raɗa masa suna, kuma da yawa cikin waɗanda suka kafa makarantunsa na farko kareti suka koya a Japan zamanin mulkin mallaka. Ke nan Kajukenbo ya girmi sunan takwando. Mai musu zai ce su Kano sun ƙware kafin su gyara. Na yarda Kano gwani ne, amma shekara biyar ce tsakanin fara karatunsa da kafa gidansa. Abin da ya samu wanda Parker bai samu ba shi ne hukuma: judo ya shiga makarantu da rundunar 'yan sanda, takwando ya shiga soja ya kuma sami hedikwatar Kukkiwon a 1972. Salon Amurka ba shi da gwamnatin da ta tsaya masa, sai kasuwa.

Labarin Bruce Lee ya nuna yadda karɓar ke rabuwa biyu. An haife shi a San Francisco a 1940, ya koyi Wing Chun wajen Ip Man a Hong Kong bai kammala ba, ya fito fili a gasar Long Beach da Parker ya shirya a 1964, sannan a 1967 ya sa wa tafarkinsa suna Jeet Kune Do, yana ɗiba daga dambe da wasan takobi na Turai, yana sukar maimaita taku ba tare da abokin karawa ba. Hong Kong ta kafa masa mutum-mutumi a 2005, Sinawa suna alfahari da shi a matsayin ɗansu. Duk da haka malaman Wing Chun sukan lissafa shi cikin ɗaliban Ip Man, su bar abin da ya ƙirƙira a Kaliforniya a gefe.

Inda ƙofar ta buɗe sosai shi ne filin dambe. Benny Urquidez, zakaran kareti mai cikakken bugu, ya je Japan a 1977 ya doke 'yan wasanta, Japanawa kuma suka so shi ƙwarai. An fara gasar UFC ta faɗan haɗa salo-salo a Denver a 1993, aka kafa irinta mai suna Pride a Japan a 1997, yau ga gidajen horo irin wannan a Tokyo da Seoul da Bangkok. Ba kowa ya yi murna ba. A 2017 Xu Xiaodong, mai irin wannan faɗa, ya kayar da wani malamin taici a Chengdu cikin daƙiƙoƙi, ƙungiyar wushu ta ƙasar Sin ta yi tir da shi, aka kuma takura masa. Masu gargajiya suna cewa fili ba shi ne ma'auni kaɗai ba, domin makarantar takobi mai shekara ɗari biyar tarihi da tarbiyya take adanawa. Wannan gaskiya ne, kuma asara ce babba a bar irin waɗannan gidaje su mutu. Amma malamin da ya ce yana koyar da kare kai ya shiga hurumin da jiki ke ba da shaida, kuma can silsila ba ta tare naushi.

Shi ma salon Amurka bai tsira daga buƙatar silsila ba. Parker ya rasu a 1990 bai naɗa magaji ba, manyan ɗalibansa suka rabu ƙungiya-ƙungiya, kowa da nasa tsarin darussa. Mabiya Bruce Lee sun kasu tsakanin masu riƙe abin da ya koyar kafin rasuwarsa a 1973 da masu bin ɗalibinsa Dan Inosanto wajen ci gaba da ɗiba daga wasu fasahohi, har da na Filifin da Tailan, kuma a kowane ɓangare malami yakan fara gabatar da kansa da sunan wanda ya koya masa.