Fuska da lafazi: ɗan nazari a kan mujallar Fim

A wannan ɗan nazari za mu duba dabarun da mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ta bi don jawo matasa, har da na Madawa, Buza da Keita, waɗanda suka taso da waƙoƙin finafinan Kano.

Dabara ta farko tana ga bango: fuskar mawaƙi ko ƴar wasa, launi mai ƙarfi, kanu gajere. Ido ke ciniki kafin a fara karatu. Ta biyu ita ce hira: tambaya da amsa cikin harshen baka, har mai karatu ya ji kamar da shi ake zaune.

Sai dai tare da fuskar, wani kari ake sayarwa, wato Kananci. Inda Ba'adare ke cewa hwata, hita, gidanai, shafin na rubuta fata, fita, gidansa. Sunan mujallar ma a bakinsa him ne. Kalmomin aro daga Ingilishi suke, alhali yaron lakwal Faransanci ya koya. Haka kuma dokar rubutu ta Nijar ta 1999 ta tsayar da ƴ, shafin kuwa 'y yake sawa.

Ke nan saurayi na koyon cewa zamani Kananci yake ji, Adaranci kuwa na tsofaffi ne. Laifin bai tsaya ga mujallar ba, ta yi wa kasuwarta aiki. Tambayar tamu ce: wa zai buga wa ƴan Adar shafin da za su ji muryarsu a ciki?