Jinjina ga Malamin Lissafi Mai Mudu a Hannu

Ina sara wa malamin lissafin da ke shiga aji da mudu da gero. Kafin ya rubuta ɗaya bisa biyu a allo, yara sun riga sun auna rabin mudu da hannunsu. In an zo kan kaso, sai ya ɗauko zakka: ɗaya cikin arba'in, wato naira 25 a kowace dubu. Ɗaya bisa takwas kuwa tumunin takaba ne, rabon mace a gadon mijinta idan ya bar 'ya'ya. Yarinyar da ta iya wannan, da wuya a danne haƙƙin mahaifiyarta tana kallo. Shirya irin wannan darasi na cin lokaci, ga aji cike maƙil, amma bai fasa ba. Allah ya saka masa da alheri.