Suna a baki da suna a takarda: tsokaci a kan hanyar Fleury da Henry ta bin salsalar iyali

1. Gabatarwa

Littafin da za mu yi tsokaci a kansa ya daɗe da fitowa. A shekarar 1956 ne Michel Fleury da Louis Henry suka wallafa shi a cibiyar nazarin yawan jama'a ta Faransa (INED), da sunan Des registres paroissiaux à l'histoire de la population. Dalilin komawarmu gare shi shi ne, wasu ɗalibanmu masu neman asalin gidajensu cikin takardun ƙidaya na zamanin Turawa suna aron hanyarsa, alhali sakamakon irin wannan bincike yana iya shiga gardamar gadon gona ko neman sarauta. A ganinmu, hanyar ta dogara a kan wani zato da ya shafi harshe: wai suna ɗaya a takardu biyu yana nufin mutum ɗaya. Wannan zato ne za mu auna.

2. Takardun da hanyar

A watan Agusta 1539, dokar Villers-Cotterêts ta sarki François na Ɗaya ta umarci limaman majami'u su riƙa rubuta baftisma cikin rajista. Dokar Blois ta 1579 ta ƙara aure da jana'iza, ta 1667 kuma ta ce a riƙa yin kwafi biyu. Ranar 20 ga Satumba 1792 aka karɓe aikin daga majami'a aka damƙa shi ga magadan gari, sannan daga 1836 aka riƙa yin jerin sunayen mazauna gundumomi, gida gida, kusan duk shekara 5.

Hikimar Henry ita ce tattara abin da ke warwatse. Ana buɗe wa kowane aure takarda guda, a bi rajista a ɗora mata baftismar ƴaƴa da mutuwar kowa, har iyalin ya fito a fili. Da haka ne shi da Étienne Gautier suka nazarci ƙauyen Crulai na Normandi a 1958, suka fito da shekarun aure da tazarar haihuwa na manoman da ba su bar rubutun kansu ba. Wannan babban aiki ne, kuma ya cancanci yabon da ya samu.

3. Inda hanyar ke ɗingishi

An daɗe da lura da giɓi biyu. Na farko, iyalin da ya yi ƙaura yakan faɗi daga lissafi, domin aurensa yana wata majami'a, mutuwarsa tana wata. Na biyu, rajistar ta mabiya Katolika ce: daga 1685 zuwa 1787 ƴan Furotesta na Faransa ba su da rajistar da doka ta amince da ita.

Giɓi na uku shi ya shafi fanninmu. Duk wanda ya buɗe rajista ta ƙarni na 17 ya san rubutun suna yana sauyawa, amma akan ɗauki abin a matsayin matsalar jera takardu, wadda za a warware da haɗa sunaye masu kama da juna a furuci. Mu kuwa muna ganin kowane layi na rajista magana ce da wani ya faɗa, wani ya ji, ya mai da ita rubutu cikin harshen da galibi ba na mai faɗar ba ne. Dokar nan ta 1539 da ta kafa rajista ita ce kuma ta wajabta Faransanci a takardun shari'a, a lokacin da talakawa da yawa ke magana da wasu harsuna. A yankin Bretagne, mutumin da ake kira Ar Gov, wato maƙeri, ya zama Le Goff a takarda: an fassara rabin sunan, an kwaikwayi sautin sauran rabin. Ban da haka, yaro yakan ɗauki sunan wanda ya tsaya masa a baftisma, shi ya sa ake samun Jean biyu ko Marie uku a ɗaki ɗaya, kuma akan mayar wa jariri sunan wansa da ya rasu. Sai a 1794 doka ta hana mutum amfani da sunan da ba na takardar haihuwarsa ba. Ke nan tsayuwar suna abu ne da hukuma ta kafa a hankali, hanyar Henry kuwa ta ci moriyarsa.

4. Idan aka kawo hanyar Nijar

Tsarin rajistar haihuwa da muke da shi gado ne daga Faransa, amma ginshiƙan hanyar ba su biyo shi ba. Rajistar majami'a ta shafi gidaje kaɗan ne, saboda ƙarancin Kirista a ƙasar. Ƙidayar zamanin Turawa kuwa ta haraji ce, wato lanho: maigida ne ke lissafa mutanensa a gaban kumandan, tafinta na tsakani, kuma yana da dalilin rage wasu. Ƙidayar ƙasa baki ɗaya ba ta fara ba sai 1977, aka sake ta a 1988, 2001 da 2012, kuma an shirya ta ne domin alƙaluma. Shekarar haihuwa ma sau da yawa kintace ce, kamar yadda « né vers » ke shaidawa a takardun iyayenmu.

Ta fannin suna, matsaloli uku ne. Na ɗaya, Bahaushe ba ya gadon sunan gida irin na Bafaranshe: sunansa ne da na mahaifinsa, saboda haka suna na biyu yana sauyawa daga uba zuwa ɗa. Na biyu, mutum yana da sunan yanka, da sunan rana kamar Ɗanladi ko Talatu, da laƙabi, ga kuma alkunya da ke hana iyaye kiran sunan ɗan fari. Wanda maigida ya rubuta da laƙabi a wannan ƙidaya, ƙanensa yana iya rubuta shi da sunan yanka a ta gaba, sai mai bincike ya ga mutum biyu. Na uku, rubutun Faransanci ba ya bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Muhammadu yana fitowa Mahamadou, Mahamane, Mamane ko Maman. A gida ɗaya kuma ana iya samun Muhammadu uku, Sani da Salisu da Rabi'u. Idan akawu ya yar da suna na biyu, mutum uku sun koma ɗaya.

5. Kammalawa

Abin ɗauka daga Fleury da Henry shi ne ladabin aiki: kowane bayani a rubuta inda aka samo shi, kuma kada a cike giɓi da zato. Abin da muke ƙarawa shi ne tambayoyi huɗu da ya kamata a yi wa kowane suna kafin a ɗora shi a bishiyar zuriya: wa ya faɗe shi, da wane harshe, wa ya rubuta, kuma don wace bukata? Muna ba ɗalibi shawara ya kwafe sunan yadda yake a takarda, ya rubuta furucinsa na Hausa a gefe, sannan ya kai wa tsofaffin gida da maroƙan da ke riƙe da kirarin zuriya. Su ma suna mantuwa, suna kuma tsallake wanda ba a so a ambata, don haka shaidarsu abin aunawa ce kamar ta takarda. Inda baki da takarda suka dace, an samu abin dogaro. Inda suka saɓa, a rubuta saɓanin yadda yake, domin takardar ɗalibi tana iya isa gaban alƙali wata rana.