Sammacin Kamu da Ke Barci a Cikin Fayil

Bahaushe ya ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wannan magana ta ginu ne bisa yaƙinin cewa akwai hukumar da za ta kawo wannan rana ɗaya. A tsarinmu na yau, aikin ya rabu biyu: kotu ta ba da umarni, 'yan sanda su zartar. Abin da nake son dubawa a wannan maƙala shi ne giɓin da ke tsakanin biyun, wato lokacin da alƙali ya riga ya sa hannu a sammacin kama wanda ake zargi da fasa gida, amma takardar ta kwanta a ofishin 'yan sanda wata da watanni, wanda ake nema kuwa yana yawonsa a gari.

Ga yadda abin yakan faru. A fasa gidan mutum da tsakar dare, a kwashe masa talabijin da wayoyi da buhun hatsi. Ya kai ƙara, a yi dace a kama wani da wasu daga cikin kayan, a gurfanar da shi gaban majistare, a ba da belinsa. Ranar zama ta zo, bai bayyana ba. A ɗage, ya sake ƙin zuwa. Sai alƙali ya ba da sammacin a kamo shi. A nan mai kaya yakan ɗauka wahalarsa ta ƙare, alhali kuwa yanzu ta soma.

Doka ba ta bar duhu a wannan gaɓa ba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi irin su Kaduna a 2017 da Kano a 2019 suka yi tasu bisa sawunta, ta tanadi cewa sammacin kamu yana nan da ransa har sai an zartar da shi ko alƙali ya soke shi. Ana iya zartar da shi a kowace rana, har da ranar hutu, kuma ɗan sanda na iya kama mutumin ko da takardar ba ta hannunsa a lokacin, muddin zai nuna masa ita daga baya. Gaskiya ne cewa a shari'ar Gani Fawehinmi da Sufeto Janar na 'Yan Sanda a 2002, Kotun Ƙoli ta amince 'yan sanda na da damar auna ko za su binciki wani zargi. Amma wannan dama ta shafi zargin da bai kai gaban alƙali ba. Sammaci umarnin kotu ne, kuma ba a auna umarnin kotu da ma'aunin ganin dama.

A aikace kuwa, abin da mai kaya ke ji daban ne: babu mota, babu mai, an yi wa mai binciken canjin wurin aiki, je ka nemo mana inda yake ka kira mu. Na ga wannan da idona a kan gwaggota, wadda aka sace wa kekunan ɗinki biyu da take ciyar da marayu da su. Ita ce ta gano teburin mai shayin da wanda ake nema ke zama, ita ce ta biya kuɗin adaidaita sahu har sau biyu, kuma duk lokacin da aka isa sai a tarar ya tashi. A ƙarshe ta lissafa abin da ta kashe, ta ga ya kusa sayen keke ɗaya, sai ta haƙura. Matar da aka zalunta ta zama ita ce mai bincike, ita ce mai ɗaukar nauyin kamun, alhali fasa gida laifi ne da gwamnati ke ƙara a kansa da sunanta.

Adalci ne a faɗi cewa 'yan sanda na aiki cikin ƙunci. Ofisoshi da yawa ba su da motar kirki, ma'aikata sun yi kaɗan, kuma an karkatar da wani kaso daga cikinsu zuwa gadin manya. Saboda irin wannan gurbi ne aka kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda a 2019. Sai dai talauci bai isa ya bayyana komai ba. Idan mai hannu da shuni ya kai ƙarar wanda yake bi bashi, motar da aka ce babu takan samu, duk da cewa dokar 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun hana kama mutum a kan rikicin bashi ko ciniki. Haka nan sashe na 7 na dokar 2015 ya hana kama wani a madadin wanda ake zargi, amma har yau akan tsare uwa ko ƙane don a tilasta wa mai laifi fitowa. Ashe ke nan ana kama wanda doka ta ce a bari, ana barin wanda kotu ta ce a kama.

A ganina, tushen matsalar shi ne babu wanda ake tambaya. Dokar 2015 ta wajabta wa shugaban kowane ofishin 'yan sanda ya riƙa kai wa majistare rahoton mutanen da aka kama ba tare da sammaci ba a kowane wata, ta kuma umarci majistare ya riƙa ziyartar wuraren tsare mutane. Wannan tanadi ne mai kyau da ke ƙirga waɗanda aka kama. Amma waɗanda aka umarta a kama ba a kama ba, ba su da mai ƙirga su. Takardar takan zauna a fayil ɗin ɗan sanda guda. In an ɗauke shi daga ofishin, ta zama marainiya. Kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: kotuna na da nasu kason. Sau da yawa alƙali kan yi ta ɗage zama har ya gaji ya kori ƙarar, ba tare da ya kira wanda ya tsaya wa mai laifin ya kawo shi ko ya biya kuɗin belin da ya sa hannu a kai ba.

Illar wannan sakaci ta wuce asarar mutum ɗaya. Ɓarawon da ya ga sammaci bai taɓa shi ba ya koyi cewa tsallake beli ya fi tsayawa shari'a riba. Shaidun da ke haɗuwa da shi a hanya kullum sukan janye. Maƙwabta kuwa sukan yanke shawarar cewa kai ƙara ɓata lokaci ne, kuma daga nan ne ake samun taron da ke yi wa wanda aka yi wa ihun ɓarawo dukan kawo wuƙa, ko da bai ɗauki komai ba. Duk sammacin da aka bari ya yi barci, ƙarin hujja ce a hannun masu ɗaukar doka a hannunsu.

Mai kaya na da hanyoyin da zai bi, kuma rubutu ya fi baki tasiri a cikinsu. Ya karɓi kwafin sammacin daga rajistaran kotu, ya rubuta wa baturen 'yan sandan yankin takarda, ya riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In shiru ta yi yawa, ya ɗaga zuwa kwamandan shiyya, sannan kwamishinan jiha. Akwai sashen karɓar ƙorafin jama'a da rundunar ta buɗe a 2015, akwai kuma Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda mai ikon ladabtarwa. Ya kuma nemi mai gabatar da ƙara ya roƙi kotu ta kira mai belin, ko ta shelanta neman wanda ya gudu a bainar jama'a.

Amma bai dace a ce sai mai ilimi da juriya ne zai samu haƙƙinsa ba. Gyaran da nake kira a yi ba ya bukatar maƙudan kuɗi. Kowane sammaci ya fita da sunan jami'in da aka ɗora wa alhakinsa da ranar da zai dawo ya yi wa kotu bayani. Kowane ofishi ya ajiye rajistar sammacin da ba a zartar ba, wadda za a miƙa hannu da hannu idan an yi canjin aiki, majistare kuma ya duba ta a ziyararsa ta wata-wata. A riƙa sanar da mai unguwa, domin shi ya san wanda ya kwana a unguwarsa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Talakan da ake biyan albashi da harajinsa bai nemi alfarma ba. Ya nemi a bi umarnin da alƙali ya riga ya bayar.