Ina Za A Sami Labarin 'Yan Baka Na Da?

Mutumin Cheberu, ko na wani gari cikin ƙasar Gwandu, wanda ya iya karatu kuma ya so ya san yadda kakanninsa suka yi harbi da baka, da irin zaman da suka yi a gida, zai tarar littattafan yaƙi ba su da wuyar samu, amma labarin ɗan baka a cikinsu kaɗan ne. Alƙalami ya fi bin mai doki. Saboda haka ya kamata a auna littattafan nan, a ga abin da kowanne ke iya bayarwa, da inda ya gaza.

Zamanin da ya fi nisa shi ne na Kanta, Sarkin Kabi, wanda kangon birninsa Surame ke nan har yau. Littafin da ya fi kusa da zamaninsa shi ne Tarihus Sudan, wanda Abdurrahman Assa'adi ya rubuta a Tambutu wajen 1655. Shi ya faɗi yadda Kanta ya raka Askiya Muhammadu yaƙin Agadas, suka ɓata a kan rabon ganima wajen 1516, Kabi ta ɓalle daga Songhai. Labarin abin dogara ne, amma gajere ne ƙwarai, gama marubucin sarakunan Songhai ne a gabansa, Kanta ya shigo ne don ya gagare su. Mai neman yadda Kabawa suke ɗaura tsirkiya ba zai sami kome a nan ba.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fi ba Kanta fili cikin Infakul Maisuri, wanda ya gama a 1812. A nan ne aka ce Kanta yana komowa daga yaƙin Barno aka harbe shi da kibiya a Dugul cikin ƙasar Katsina, ya rasu a hanya, aka kawo gawarsa Surame. Watau sarkin da ya gagari Songhai da Barno, kara ɗaya mai bakin ƙarfe ya kā da shi. Sai dai tilas mai karatu ya tuna tsakanin Kanta da Bello fiye da shekara 200 ne. Abin da Bello ya rubuta a kan Kanta ji ya yi, ba gani ba.

Inda littafin yake da ƙarfi sosai shi ne yaƙe-yaƙen da Bello ya halarta da kansa. Shi da baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Tazyinul Waraƙati na 1813, wanda kabarinsa ke Gwandu, duk sun ba da labarin Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni 1804. Ran nan jama'ar Shehu dawakinsu kamar 20 ne kurum, galibinsu 'yan baka ne a ƙasa, suka tare barden Yunfa Sarkin Gobir, suka kore su. Sun kuma ba da labarin Alwasa a 1805, inda jama'a ta sha kashi, ta koma ta tsare Gwandu. Shaidar ido ce, kuma ba su ɓoye ranar da aka fi ƙarfinsu ba, abin da ke ƙara wa littafi daraja. To, amma malamai ne, nufinsu su nuna dalilin jihadi da taimakon Allah. Sun ambaci manyan da suka yi shahada, ba su tsaya ga maƙerin da ya ƙera kibiya ba, ko guzurin da ɗan baka ya ɗauro. Ba laifinsu ba ne. Ba wanda ke rubuta abin da kowane yaro a garin ya sani.

Wannan giɓi baƙo ne ke cike shi, don baƙo kome ya gani sabo ne a gare shi. Kilafatan, Baturen Ingila, ya bi rundunar Bello a 1826 zuwa Konya, inda Gobirawa suka yi sansani. Ya ga 'yan lifidi, da 'yan bindiga kaɗan, da masu baka, har ya kula da wata tsohuwa, baiwa, mutuniyar Zamfara, tana yawo bisa doki da goruna tana shayar da mayaƙa da masu rauni. Tsohuwar nan ba ta cikin littafin wani malami. Amma Kilafatan sojan ruwa ne, da mudun yaƙin Turai ya auna abin da ya gani, ya yi ta ba'a. A karɓi ganinsa, a bar masa hukuncinsa.

Barth, Bajamushe, wanda ake kira Abdulkarimu, ya fi shi haƙuri, ya kuma ji Hausa da Larabci. Ya zauna Gwandu a 1853, zamanin Halilu, wanda bai yarda sun gana ba. Ya rubuta labarin kasuwa da saƙa da albasa da ayaba, da tsoron harin Kabawa da garin ke ciki. A Gwandu ɗin kuwa ya sami Tarihus Sudan ya kwafi wani sashe, amma ya ɗauka Ahmadu Baba ne ya wallafa shi. Ko gwani yakan yi tuntuɓe.

Wanda bai iya Larabci ko Turanci ba, Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, da aka buga a 1932 da 1933, zai taimake shi, domin fassara ce daga littattafan Larabci. A ciki akwai tarihin sarakunan Kano, wanda ya ce Kanajeji ne ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Mai hankali zai gane ba a yi wa doki rigar auduga ba sai don tsoron kibiya mai dafi. Wajen zaman gida kuwa, Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin tsohuwar, aka buga da Turanci a 1954, ba shi da na biyu: aure, noma, goyo, da harin masu kamun bayi. Amma Baba a ƙasar Kano da ta Zazzau ta yi zamanta, an haife ta can ƙarshen zamanin sarakunan Fulani kafin zuwan Turawa. Kuskure ne babba a ɗauki zamanta a ɗora wa matan Surame.

Saura abin da ba a sa cikin littafin tarihi ba. Ƙamus na Bargery na 1934 ya tara kalmomi irin su kwari da kyauro da kwankwani, tsiron da ake dafa dafi da shi, kowace kalma kuwa shaida ce. Sarautar Sarkin Baka ma tana nan a garuruwa da dama. Tsohon maharbi zai iya nuna itacen da ake tanƙwara baka da shi, da dalilin da ba a sa wa kibiyar Hausa gashin tsuntsu, da yadda kunnen kibiya ke hana ta fita. A kan aikin hannu maganarsa ta fi ta Bello da ta Barth. In ya shiga lissafin shekaru da sunayen sarakuna kuwa, sai a rubuta abin da ya faɗa, da sunan wanda ya ji daga gare shi, sa'an nan a je a gwada da Infakul Maisuri.