Kayan Aro: Tarken Sunayen Naman Kaza a Bakin Bahaushe

Manazarcin adabin Hausa ya saba ɗora aikinsa a kan waƙa ko ƙagaggen labari ko tatsuniya. Matanin da na ɗauko domin tarke a wannan muƙala bai kai ko ɗango ɗaya na waƙa tsawo ba, domin kalmomi takwas ne kacal: naman kaza, laimar kwaɗi, tumukun suri, murucin jiɓa. Na ɗauke su a matsayin adabi saboda kowane ɗaya daga cikinsu adon harshe ne da wani fasihi da ba a san sunansa ba ya ƙirƙira, jama'a suka karɓa, har ya daskare ya zama suna. Suna kuwa hukunci ne. Abin da nake son dubawa shi ne irin hukuncin da waɗannan sunaye suka yanke wa wata babbar halitta da muke zaune da ita, da kuma abin da hukuncin ya jawo mana.

A ƙauyenmu, wanda ke gefen hanyar da ta taso daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma, kakata ce kaɗai a gidanmu take cin naman kaza. In aka kwana ana ruwa da tsawa a tsakiyar marka, da asuba sai ta ɗauki ƙwarya ta nufi wani tsohon suri da ke iyakar gonarmu. Takan ce mini, "Taso mai gidana, yau gara ta yi mana yanka." Mahaifiyata kuwa, wadda ta tashi a cikin gari, ba ta yarda abin ya shiga tukunyarta ba ko sau ɗaya. Hujjarta ita ce abin da ya fito dare ɗaya, ba a shuka shi ba, ba shi da iri, ba shi da ganye, ba abin yarda ba ne. Tsakanin waɗannan mata biyu na fara jin sunaye biyu na abu mai kama ɗaya: tsohuwa ta ce naman kaza, surukarta ta ce laimar kwaɗi.

In muka ɗora sunayen a kan ma'aunin adon harshe irin wanda Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, za mu ga cewa "naman kaza" siffantawa ce kai tsaye. Ba a ce kamar nama ba, an ce nama, domin in aka dafa shi yana da tsoka fara mai ɓarewa sili-sili irin ta ƙirjin kaza. Harshen mai ci ne ya raɗa wannan suna. "Laimar kwaɗi" kuwa idon mai kallo ne ya raɗa shi, kuma ya fi armashi, domin a cikinsa an mutunta kwaɗo, an ba shi laima irin ta sarakuna, alhali shi ne halittar da ba ta gudun ruwa. Akwai raha a ciki, amma ƙarƙashin rahar akwai kora: wannan abu na kwaɗi ne, na danshi da ƙazanta, ɗan Adam ya tsaya nesa. Sauran biyun daga gona da fadama aka aro su. Tumuku saiwa ce da ake nomawa, muruci kuma tsiron ƙwallon giginya ne da yara ke sayarwa a dafe. Wato duk sunayen huɗu na wasu ne. An ari nama daga kaza, an ari laima an miƙa wa kwaɗo, an ari tumuku da muruci an jingina su ga gidan gara. Bahaushen da ya ba kuka da gawo da tsamiya da kanya sunan yanka, bai ba wannan halitta nata ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne 'yan uwanta masu ɓarna duk suna da sunayen kansu. Funfuna, wadda mu Katsinawa muke kira hunhuna, ba ta ari sunan kowa ba. Haka ɓurtuntuna, wadda ke mayar da ƙwayar dawa baƙin gari tun tana kan zangarniya. Haka ƙyasbi da ke zane wuya da ƙirji. Waɗannan sun samu gindin zama a harshe, har ɓurtuntuna ta shiga zambo, ta zama sunan mutumin da ke lalata al'amari daga cikin gida. Mai cutarwa ya samu suna da kirari, mai ciyarwa yana yawo da rigar aro.

Ilimin kimiyya ya nuna cewa duk waɗannan dangi ɗaya ne, tun daga naman kaza har yis ɗin da ke tayar da ƙullin waina da burodi. Tun da Hausa ba ta tara su ƙarƙashin kalma ɗaya ba, zan kira su dangin funfuna. An daɗe ana lissafa su cikin tsirrai, sai a 1969 wani masani ɗan Amurka, Robert Whittaker, ya ware musu rukuni nasu na daban. Binciken ƙwayoyin gado da ya biyo baya ya tabbatar da cewa sun fi kusa da dabbobi a kan tsirrai, kuma kamar dabbobi, ba sa haɗa abinci daga hasken rana. Ashe fasihin da ya ce "nama" bai yi nisa da gaskiya ba. Mahaifiyata ce ta yi kuskure da ta ce abin ba shi da iri kuma dare ɗaya yake fitowa. Laimar da muke gani 'ya'ya ce kawai. Ainihin jikin saƙa ce ta siraran zaruruwa da ke kwance cikin ƙasa ko ruɓaɓɓen itace wata da watanni, irinsa kuma ƙura ce da ke zuba daga ƙasan laimar, iska ta kwasa.

Maganar kakata cewa gara ta yi yanka ita ma tana da tushe. Akwai nau'in gara mai manyan surruka da ke noma a cikin duhu. Takan tattauna ciyawa da itace ta gina wani abu mai kama da saƙar zuma a cikin surin, ta dasa funfunar da masana ke kira Termitomyces, ita kuma ta narkar da abin da cikin gara ba zai iya narkarwa ba. In damina ta zauna sai funfunar ta huda surin ta fito da laima. An tono burbushin irin wannan gona a Tanzaniya mai shekara kusan miliyan 25, kuma ɗaya daga cikin wannan dangi, wanda aka bayyana wa duniyar ilimi daga Zambiya a 1980, faɗin laimarsa kan kusanci mita guda. Wannan noma ya girmi garma da hauya nesa ba kusa ba, yana kuma gudana a iyakar gonakinmu. A tatsuniyoyin da na tashi ina ji Gizo ya yaudari kura da zaki da giwa, amma ban taɓa jin ya leƙa gonar gara ba.

A 1957 wasu ma'aurata, Gordon Wasson da Valentina Pavlovna, suka wallafa littafin da ya raba al'ummun duniya gida biyu: masu ƙaunar naman kaza irin Rashawa, da masu ƙyamarsa irin mutanen Ingila. Mai karanta sunayenmu cikin gaggawa zai jefa Hausawa a gida na biyu. Ban yarda da wannan rabo ba, domin layin da suka ja tsakanin ƙasashe, a wurinmu ta tsakar gida ɗaya ya ratsa, tsakanin ɗakin tsohuwa da na surukarta, tsakanin ƙauye da birni, wani lokaci ma tsakanin shekarar wadata da ta yunwa. Ba kuma za a ce addini ne ya kawo ƙyamar ba. Akwai hadisi a Buhari da Muslim da ya danganta kam'a, wato ɗan uwan naman kaza da ke girma a binne cikin rairayin hamada, da mannu, ya kuma ambaci ruwansa a matsayin maganin ido. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne an ɗauke shi abincin talaka, kuma sanin sa yana hannun tsofaffin matan karkara, waɗanda ba su ne suka riƙe alƙalami ba.

Da alƙalamin boko ya zo, gadon ya ci gaba. Littattafan da suka fito daga gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, sun ɗauki daji a matsayin hanyar da jarumi ke ratsawa, wurin ɓarayi da aljannu. Ƙafar jarumin tana taka ƙasa, idon marubucin yana kan jarumin. Ba na ɗora musu laifi, domin jigonsu daban ne, kuma Imam ɗin nan shi ne ya haɗa kai da Rupert East suka rubuta Ikon Allah, wanda ya nuna cewa Hausa na iya ɗaukar bayanin halitta ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Ƙorafina yana kan mu da muka zo daga baya. A rubuce-rubucenmu ruɓa fuska ɗaya gare ta: ruɓewar tarbiyya, ruɓewar shugabanci, wake ɗaya mai ɓata gari. Manomin Kurfi da ke kwasar juji a kan jaki ko amalanke zuwa gona kafin saukar ruwa ya san wata fuskar, domin ya san ɗanyen kara ba ya ciyar da shuka sai ya ruɓe ya zama taki. Masu ruɓar da shi kuwa mafi yawa dangin funfuna ne. Wasunsu ma maƙale suke da saiwar gero da dawa, suna jawo musu ruwa da sinadaran ƙasa, shukar tana biyan su da sukari, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na tsirran doron ƙasa suna cikin irin wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Manomi ya riga marubuci fahimtar ruɓa.

Nan ne hukuncin sunaye ya zama abin tsoro, domin ya sa mun ajiye tsoronmu inda bai fi dacewa ba. Laimar kwaɗi mai dafi tana nan, ba na musun haka. Amma wadda ta fi kisa ita ce hunhunar da muka saba da ita har muka raina ta, wadda ake kankarewa a ci sauran. Akwai wata mai launin kore da ɗorawa da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi, tana zuba musu gubar afulatoksin. An gano gubar bayan talotalo sama da dubu ɗari sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Ba ta da ɗanɗano, dafuwar gida ba ta kashe ta, kuma tana cikin manyan masu haddasa sankarar hanta. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda shi kansa funfuna ce marar guba da ake watsawa a gona ta kori mai gubar. A ƙasar da ta taɓa gina dalar gyaɗa, inda har yau ake tsince ƙwarƙwarar gyaɗa a sayar da ita da araha, wannan labari ne mai jigo da tashin hankali da ya isa littafi. Ba mu rubuta shi ba, domin harshe ya riga ya gaya mana cewa hunhuna ƙaramar aba ce.

Ba kira nake yi a yi wa funfuna waƙar yabo irin ta baƙi ba. An yi yayin kwatanta saƙar ƙarƙashin ƙasa da intanet, har ana cewa itatuwa na shayar da 'ya'yansu ta cikinta. A 2023 wasu masana uku sun bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya suka nuna cewa zancen ya zarce abin da aka tabbatar. In muka kwaso wannan salo muka zuba a Hausa, mun ƙara aro a kan aro, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Abin da ke hannunmu ya fi wannan daraja, kuma yana zubewa. Shekarun rashin tsaro sun raba mutanen yankinmu da gonakin nesa, tun daga ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zobe har zuwa bakin dajin Rugu. A sababbin waƙoƙi da gajerun labaran da matasanmu ke rubutawa, daji ya koma maɓoyar 'yan bindiga kawai, kuma ba wanda zai zarge su. Amma ilimin rarrabe naman kaza daga laimar kwaɗi a tsugune ake koyon sa, a gaban suri, ba a cikin ɗaki ba. Kakata ba ta tsinkar wanda ya fito a juji ko a fili. Takan tona gindin a hankali da tsinke, in ta ga doguwar saiwa siririya ta nutse cikin surin sai ta ɗauka, in ta kifa laimar ta ga ƙasanta ya soma kore sai ta yar ta goge hannu da ƙasa. Daga baya na karanta cewa doguwar saiwar alama ce ta Termitomyces, koren kuma alamar wani mai dafi ne da ya fi kowane yawan sa mutane amai da gudawa saboda kamarsa da na ci. Tana da wasu alamomin guda biyu ko uku da take dubawa da hanci da farce. Ina tsaye ina riƙe da ƙwarya lokacin da take yi, hankalina yana kan ƙwallon da yara ke bugawa a bayan gari. Bara na tambayi mata huɗu a dangi, ba wadda ta riƙe su, surin kuma yana cikin gonar da shekara uku ke nan ba a noma ta ba.