Jinjina ga Matan Lambun Tsakar Gida

A Birnin Kudu da Gwaram, inda damina ta fi ta arewacin Jigawa albarka, akwai matan da suka mai da bayan ɗaki lambu: zogale, lalle, yakuwa, har da fure don kyan gani. Wadda ta samu irin farin kosmos, ɗan asalin Meziko, ta san in taki ya yi yawa sai ya yi ta ganye babu fure. Da ruwan fari take barbaɗa siraran 'ya'yansa, ta rufe sama-sama, ta kewaye da ƙaya saboda awaki. Kafin kaka ƙudan zuma sun sauka. Sabon irin kuwa a tsumma take ƙullewa, ta raba wa maƙwabta.